Ranar da Muka Ɓoye Marasa Lafiyarmu

Ƙanena yana fama da farfaɗiya tun yana saurayi. Ta taɓa kayar da shi a bakin murhu, kuma ita ta raba shi da noman fadama, don Inna ta rantse ba zai ƙara zuwa kusa da ruwa shi kaɗai ba. Ni kuwa malamin jami'a ne, fannina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin yana ci mini rai: yayanka masanin ƙwaƙwalwa, amma ba a taɓa auna taka ba, saboda na'urar asibitin da muke zuwa ta daɗe da lalacewa.

Shi ya sa da jami'armu ta haɗa kai da wasu takwarorinta don neman babban tallafin bincike daga wata gidauniya ta ƙasar waje, na shiga da ƙarfina. Burinmu mu ƙera wata 'yar hula mai wayoyi, a ɗora wa mutum a ka ta karanta motsin ƙwaƙwalwarsa, ta aika wa likita, ko da mutumin yana ƙauye. Injiniyoyi na cacar baki da likitoci, kowace jami'a na so sunanta ya zo a sama, mun sha taro har shayi ya gundure ni. Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai matakin ƙarshe. Sai gidauniyar ta ce za ta turo wakilai su ga mutanen da za a yi aikin da su.

Na bugi ƙirji na ce a zo ƙauyenmu, can bayan Bakori. Ai na san gidajen masu ciwon, na Musulmi da na Kirista da na Maguzawa, ciwon bai bar kowa ba. Na je na shaida wa mai gari cewa manyan baƙi na tafe saboda masu farfaɗiya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ba za mu ba ka kunya ba." Har godiya na yi masa, kaico!

Da ranar ta zo, muka taso daga Funtua da baƙin. Muka tarar an share gari tas, mata sun yi dambu da waina, an soye zabi. Ƙofar mai gari ta cika da jama'a, kowa garau, kowa cikin kayan salla. Na duba, na sake dubawa, ban ga ko ɗaya daga cikin waɗanda aka zo dominsu ba.

Shugabar baƙin, wata dattijuwar likita, ta nemi ganin masu ciwon. Mai gari ya gyara rawani ya ce, "Alhamdu lillahi, mu nan ba mu san wannan ciwo ba. Sai dai can wajen Dandume muke jin labarinsa." Liman ya gyaɗa kai, fasto ma haka. Tafinta kuwa ya juya mata maganar yadda take.

Na ja mai gari gefe. "Ranka ya daɗe, ai don su aka zo!"

"Malam, a gaban baƙi? Ga masu ɗaukar hoto? Gidajen nan akwai samari da 'yan matan da ba su yi aure ba. Wa zai haɗa iri da gidan da aka nuna wa duniya?"

Na ruga gidanmu. Na iske Inna zaune a ƙofar ɗakinta, ta saki labule, ƙanena yana ciki.

"Inna, ki bar shi ya fito, don Allah."

"Ɗana ba abin kallo ba ne," in ji ta. "In ya faɗi a gabansu fa?"

Ba a tsallake uwa a shiga ɗaki. Na koma na zauna cikin baƙi.

Tallafin ya tafi wani wuri. Wakilan gidauniyar sun ce aikin ya yi kyau, amma ba su ga alamar jama'a za su ba da haɗin kai ba. Haɗin gwiwar ya watse, kowa ya kama gabansa. Na yi fushi da garinmu, fushi mai tsanani, sai dai ba a daɗe ana fushi da mutanen da suka yi abu don kare mutuncin 'ya'yansu. Baƙin ciki ne ya saura.

Da kaka na je gida, muna ɓarar masara ni da ƙanena a tsakar gida. Bai taɓa tayar da zancen ba sai ranar.

"Yaya," ya ce, bai ɗago kai ba, "ran nan fa ina jin ka da Inna. Na riga na sa rigata. Jira nake ka kira sunana."