Ruwan Saman da Barakatu Ta Ajiye

Barakatu mai kitso ba ta taɓa yarda da ruwan rijiyar Zongo, unguwarsu a birnin Lome, ba. Lome bakin teku ce, ruwanta zartsi, shi ke sa gashi ya yi furu-furu kamar tsohuwar igiya. Ruwan sama take tarawa a randa, ko mijinta bai isa ya ɗebi na alwala ba. Takan wanke kai da sabulun salo, ta ɗauraye da ruwan tsamiya don gashin ya kwanta, sannan ta shafa man kaɗe da ɗan man kwakwa.

"Ba mai ke kawo ƙyalli ba," in ji ta. "Sai gashi ya kwanta yake ɗaukar haske." Wadda ta zo mata da kai yana ɗigar mai kuwa, sai ta tambaye ta ko ƙosai za a soya.

Kan da ta fi so shi ne na Hadjara, ƙawarta tun suna 'yan mata. Da Seydou mijin Hadjara ya rasu, ta shiga takaba, ba kitso ba ado. Barakatu ta je gaisuwa, ta ga kan ya cukurkuɗe, abin ya sosa mata rai.

"Ƙawa, ranar fitarki ni zan yi miki kitso," ta ce. "Na ware miki ruwanki."

"Allah ya kai mu," in ji Hadjara.

A shekarar ne hukuma ta rushe tsohon Zongo, aka kwashe mutane zuwa Agoè, can bayan gari. Barakatu ta bar gadonta a can, amma ta rungume tulun ruwan da ta ware wa Hadjara a cinya cikin motar kaya, ana ta yi mata dariya. Ga rani ya shigo, ita dai ba ta buɗe tulun ba.

Saura kaɗan takaba ta ƙare zazzaɓi ya kwantar da Hadjara, bai kuma bar ta ta tashi ba.

Da matan wankan gawa suka taru, Barakatu ta shigo da tulunta. Ba wadda ta hana ta. Ta warware gashin a hankali, ta wanke, ta ɗauraye, hawaye na zuba, ta kitse shi gida uku yadda ake yi wa mamaciya. Gashin ya kwanta luf, ya ɗauki hasken da ke shigowa ta ƙofa.

"Ƙawa, ga kitsonki," ta ce. Sannan ta ja likkafani ta rufe.