Keken da na aika wa Baba

Ina sana'ar gwangwan, wato tsintar tsofaffin ƙarafa, a unguwar Agege ta Legas na tsinci keken, a bayan wani gida da ake rushewa. Baƙi ne, irin na da, sak wanda Baba ya sayar shekarar da gero ya ƙi. Ogan da muke kai wa ƙarafa ya ce in ɗora shi a sikeli, na ƙi.

Wata uku ina fama da shi. Na wanke tsatsar da kalanzir, na shiga motar haya ta danfo har kasuwar Jankara neman ƙararrawa. Da ya tashi, na roƙi wani direban tirela da ya sauke shanu ya kai wa Baba gida. Har hango shi nake yi a kai, ya tattare riga zai tafi Juma'a.

Da na je babbar salla, sai na tarar an ɗaure keken da igiya, ya zama ƙyauren awaki. Na tambayi Baba. Ko kai bai ɗago ba.

"Ɗan maƙwabcinmu babur ya aiko wa ubansa," in ji shi. "Ni kuma so kake in zaga gari a kan abin da mutanen Legas suka zubar?"

Akwai wasu kekuna biyu da na fara gyarawa a Agege. Ina dawowa na sa guduma na ragargaza su, na kai wa oga. Ya dubi sikeli, ya ce sai yanzu na iya sana'a.