Ranar da Muka Yi wa Awakin Mata Allurar Ruwa

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a aikin nan, amma ba zan taɓa manta lokacin da idona ya faɗa kan wata ƙaramar kwalba a ƙasan akwatin ƙanƙara ba. Tana kwance cikin ruwan da ya fara narkewa, murfinta ko ƙwarzane babu. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.

A lokacin ina sabuwar ma'aikaciyar lafiyar dabbobi. An sa ni cikin wata ekip, wato ƙungiyar ma'aikata, da ke zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Buza da Keita, muna yi wa awaki da tumaki lamba, wato allurar rigakafin cutar nan mai sa su majina da zawo, wadda in ta shiga garke sai ta kusa share shi. Mu huɗu muka fito. A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, ba a aiko mana da wani ba. Muka rage uku: shef ɗinmu, wato shugaban ekip ɗin, dattijo mai ƙarancin magana, da wani saurayi mai yin allurar, sai ni da ke rubuta sunayen masu dabbobi a rajista, in kuma tsaga kunnen duk wadda aka yi wa.

Tsagar kunnen nan ita ce shaida. Lambar sau ɗaya ake yin ta, don haka duk ekip ɗin da ta zo baɗi ta ga akuya da tsaga, wuce ta za ta yi. Maganin kuma gari ne busasshe a ƙaramar kwalba, sai an narka shi cikin ruwan wata babbar kwalba kafin a ɗura a sirinji. Kwalba guda, dabba ɗari. Ƙa'idarmu ita ce in saurayin ya haɗa, ya miƙo mini ƙaramar da babu komai ciki in ajiye.

A nan sai na faɗi gaskiya game da kaina. Na girma da littattafan soyayyar da ake shimfiɗawa a kasuwar Madawa, kullum akwai ɗaya a jakata. Shi kuwa saurayin dogo ne mai sanyin murya, in ya kama akuya har lallashinta yake yi. Tun a makon farko na gama tsara labarinmu a raina, daga haɗuwa har ranar ɗaurin aure, shi bai ma san an sa shi a littafi ba. Iyakarsa in ya gan ni riƙe da littafi ya ce, "Malama, rajista ko waccan takardar taki ta masu kuka?"

Ranar da nake ba da labari muna cikin mako na shida, zafi ya fara sauka, kuma ba mu huta ko yini ɗaya ba. Daga ofis ana ta kiran shef ana tuna masa ranar rufe aiki, shi kuma ya hana mu zama cin abincin rana, sai dai a tsaye. Wasa ya ƙare a tsakaninmu. A mota ba mai yi wa wani magana. Na lura idanun saurayin suna lumshewa in zai sake allura, amma ni a lokacin sai na ɗauka wannan ma wani abin sha'awa ne, irin wahalar da jarumi ke sha.

Ƙauyen yana gindin dutse, mazansa kusan duk sun tafi bida, wato ci-rani, awakin na mata ne. Da ƙyar suka yarda a taɓa kunnuwan dabbobinsu, sai da shugabarsu, wata tsohuwa mai kaifin harshe, ta fara tura nata. Wata mai goyo ta kawo uku, ta ce in yi musu a hankali, don shekara biyu ke nan maigidanta yana Abijan, yanzu su ne maigidan. Aka yi dariya, na rubuta sunanta.

Kusan azahar saurayin ya ce in ba shi kwalba ta huɗu. Na buɗe akwatin, sai na ga akwai guda fiye da yadda ya kamata. Na duba aljihun rigar aikina inda nake tara waɗanda aka yi amfani da su, biyu kawai na samu. Manyan kwalabe kuwa uku suka ƙare. Nan take na gane: ta ukun bai haɗa ba, ruwa zalla ya ɗura. Dabba ɗari mun soka wa ruwa, ni kuma na bi na tsaga kunnuwansu. Har makiyayin gari ya kora su da sauran garken sun nufi bayan dutse.

Ban san lokacin da na damƙe kwalbar a tafin hannuna ba. Saurayin ma'aikacin kwantaragi ne, yana jiran a ɗauke shi dindindin, kuma shef ya faɗa tun farko cewa duk wanda ya yi wasa da magani sunansa zai shiga rapor, rahoton da ake kai wa ofis. A littattafan da na karanta, budurwa rufa wa masoyinta asiri take yi ko da za ta hallaka. Ga rairayi ƙarƙashin ƙafata, diddige ɗaya ya isa in binne ta. Laifina ma zai bi ta, don ni ya kamata in tambayi kwalbar tun da hantsi, ina can ina kallon gefen fuskarsa.

Sai na ji kwalbar ta fara ɗumi a hannuna, na tuna zafi kashe maganin yake yi. Na tuna sunan mai goyon nan yana cikin layin kwalba ta uku, kuma da tsagar da na yi, ba wanda zai sake duban awakinta har su mutu. Na mayar da kwalbar cikin ƙanƙara, na taka zuwa wurin shef. Na gaya masa abin da ya faru, na buɗe masa akwatin.

Shef ya dubi kwalbar, ya dubi saurayin. Shi kuwa sirinjin ya suɓuce masa, ya tsuguna ya dafe kai. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Shef ya tambaye shi a hankali rabonsa da cin abinci a zaune.

Matsalar ita ce ba mu da rarar da za mu sake wa garken duka. Wannan kwalbar ce kaɗai, kuma in an haɗa ta ba ta jure zafi fiye da ƴan sa'o'i. Dole a nemo ainihin ɗarin nan, a tara su, sannan a haɗa. Rajistata ta san sunayen mata, ba ta san fuskokin awaki ba. Sai an gaya wa matan.

Shef ya cire hularsa, ya je gaban tsohuwar inda take zaune ƙarƙashin iccen bedi, ya yi mata bayani ba tare da ya rage komai ba.

"Ashe kan ruwa kunka yanke kunnuwan bisashenmu?" in ji ta. "Ruwa kam muna da shi ga rijiya, likita, ba sai an ɗauko muna cikin mota ba."

Matan suka fara guna-guni, wasu na cewa a kwance sauran dabbobin a koma gida. Shef ya ce, "Inna, laihina ne. Mako shida na hana yaran ga hutu." Sai saurayin ya miƙe ya zo ya durƙusa, ya ce hannunsa ne ya yi, ba na kowa ba. Tsohuwar ta kama haɓarsa ta ɗaga, ta dubi jajayen idanunsa kamar mai duba rago a kasuwa.

"Wanga ko tuwo aka ba shi yanzu, hanci za shi kai shi," ta ce. Ta juya ga shef. "Jakina ma in rana ta take ina kwance mishi kaya. Kai wane irin uba ne?"

Ta sa aka damo hura, ta ce ba mai taɓa allura sai ya sha ya miƙe ƙafa. Ni kuma ta ce in karanto sunayen. Duk wadda na kira sai ta ɗaura gyale ta nufi bayan dutse. Muka zauna muna jira, ƙanƙara na ta narkewa, shef na buɗe akwatin yana rufewa. Wajen la'asar muka fara jin muryoyinsu, kowace tana kiran nata da irin kiranta, awakin na ratsowa daga garke suna bin iyayen gijinsu. Wata mai goma ta ware huɗu, ta ce waɗannan ne suka shiga bayan an sake kwalba, ta gani da idonta. Da aka ƙirga, ɗari ba biyu. Wata yarinya ta zo da biyun a guje lokacin da maganin ke gab da ƙarewa.

Washegari shef ya kira ofis ya ce yau ekip ɗinsa ba ta aiki, ya kashe wayar. Abin da ya rubuta a rapor ban gani ba, amma ba a kori kowa ba. Daga ranar, in rana ta take sai a ajiye komai, kuma muna musayar aiki bayan kowace kwalba. Dariya ta dawo motar, muka ƙare aikin da jinkirin kwana uku.

Abin da na koya shi ne gajiya ba ta duba ƙwarewar mutum, kuma ekip ba ta tsayuwa sai in mutum zai iya cewa na gaji ko na yi kuskure ba tare da tsoro ba.

Saurayin an ɗauke shi aiki. Ya auri wata ƴar garinsu, na je bikin, na dawo na yi kukana na gama. Yanzu shi ne shef wajen Allakaye. Bara wata sabuwar ma'aikaciya da ta yi aiki ƙarƙashinsa ta kawo mini ƙara, wai mutumin yana da wata ɗabi'a: da tsakar rana sai ya ƙwace sirinji daga hannunka, ko da mata sun yi layi, ba zai mayar ba sai ya ga ka ci ka kishingiɗa. Ta ce ba wanda ya san dalili. Na ce mata ta dai riƙa ci.