Matar da Ba Ta Yarda da "Lafiya Lau"

Kullum ƙarfe takwas da rabi Glenys Prosser take ajiye tsohuwar motarta a gindin tudu, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta hau ƙwanƙwasa ƙofofi a kwarin nan namu na Wales. Shekara ashirin da tara ke nan. Aikinta ta duba gidan tsoho ko mai naƙasa, ta rubuta wa ƙaramar hukuma ko ya cancanci tallafin gyara: ƙarfen dafawa a bango, kujerar hawa bene, wurin wanka a ƙasan bene. Ran Juma'a za ta yi ritaya. Na ji an tanadar mata kati da furanni. Madalla da wannan karamci.

Ba ofis kaɗai take fama da shi ba, har da mu. Mutumin kwarin nan ya gwammace ya karye da ya ce ya gaza. Ranar da mai dubawa zai zo, sai a share gida, a ɓoye sanda, a fito da kofunan baƙi. Haka matata Menna ta yi wa wani jami'i. Ya tambaya, ta ce lafiya lau, ya rubuta lafiya lau. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarta a wurin wanke kwanuka take goge jiki. Na karanta ƙa'idar tallafin, shafi sittin da huɗu, babu layi ɗaya a kan kunya.

Maƙwabcina Idwal Bevan ya fi ta sa'a, Glenys aka turo masa. Tsohon mai haƙar kwal ne, shekara tamanin da ɗaya. Bayan ya faɗi, likita ya ce ko a gyara gidan, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi. Ranar da Glenys ta zo, 'yarsa Nerys tana wurin, ita ta ba ni labari. Ya sa kwat, ya taje gashi.

"Baba Idwal, yaya hawa bene?" in ji Glenys.

"Kamar akuya, 'yar nan. Shekara talatin ina rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, matakala goma sha uku ce za ta gagare ni?"

Glenys ta nemi izinin wanke hannu, ta haura. Sabulu ya bushe har ya tsattsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bahon wanka. Ta sauko ta ɗauki shayinta.

"Kash, na mance jakata a sama. Baba, taimaka ka ɗauko min."

Nerys ta yunƙura.

"Ke zauna," in ji Glenys, "akuyar nake so."

Ya miƙe yana dafa bango, ya tsaya a gindin matakala, ya daɗe yana kallon sama.

"Ba ki da tarbiyya," in ji shi. "Na san kakanki, shi ma haka yake."

"Tun yaushe ba ka hawa, Baba?"

"Tun Kirsimetin bara waccan."

A kan doguwar kujera yake kwana, da bokiti a bayan labule. Ko 'yarsa ba ta sani ba.

Sai kuma ofis. Wata goma sha ɗaya, takardu suka ɓata sau biyu, har Nerys ta je ta duba masa ɗaki a gidan tsofaffin. Glenys ta ce a ƙara haƙuri. Kowace Litinin sai ta buga waya, har masu ɗagawa suka san muryarta suka gaji suka sa hannu.

Glenys, ke ce mai jin abin da ba a faɗa ba. Ke ce kika san cewa ƙaryar tsoho ba rashin gaskiya ba ce, guntun mutuncin da ya rage masa ne, kuma kike karɓar ta daga hannunsa ba tare da kin wulaƙanta shi ba. Mun gode, har da mu da ba a turo ki gidajenmu ba.

An ce bayan tafiyarki ta waya za a fara tantancewa, a buga wa tsoho a tambaye shi ko yana lafiya. Ina iya ba su amsar kwarin gaba ɗaya tun yanzu. Ku da za ku gaje ta, ku tashi daga kujera, ku shiga gida, ku haura bene.

Idwal yana nan a gidansa, yana wanka a ƙasa, a zaune. Jiya na tambaye shi ko yana jin daɗin wurin.

"Ni ba na buƙatarsa," in ji shi. "Na karɓa ne don kar yarinyar nan Glenys ta ji kunya."