Ranar da na ɗaga wa Inna murya

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin injin casar shinkafa a Tudun Wada, akwai wata Alhamis da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da na ɗaga wa mahaifiyata murya.

Lokacin kaka ne, shinkafa tana shigowa ta ko'ina. Daga hantsi har magariba inji na ruri, mata sun jera buhuna, kowace tana rantsuwa ita ta riga zuwa. A wurin nan ba a magana, sai ihu. Ko tsintsiya kake so a miƙo maka sai ka buɗe maƙogwaro. Ni kuwa ina taƙama da abu ɗaya, wato barci. Ina idar da sallar isha'i nake miƙewa, sai kiran asuba. Duk wanda ya ce in huta dariya nake yi masa, wane hutu kuma ya wuce wannan? Amma kullum sai in tashi kamar an yi mini duka, kaina na sarawa, abu kaɗan ya harzuƙa ni. Na sha maganin zazzaɓi, na sha na shawara, duk a banza.

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa mace ce mai tsananin kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, magana ma sai dai ta ba matata ta faɗa mini. To ranar nan na shigo gida da la'asar a gaggauce, jikina duk dusa, sai ta daure ta tare ni da kanta a tsakar gida. A hankali ta ce, "Tun safe ba a ci komai ba." Ban ji ba. Ta maimaita. Kawai sai na ji bakina ya ce, da irin muryar da nake yi wa masu buhuna, "Wai mene ne kuma? Ki ɗaga murya mana!"

Matata ta saki ludayin hannunta. Inna ta dube ni sau ɗaya, ta juya ta shige ɗaki. Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a bakin ƙofarta ina ba da haƙuri. Kwana biyu ina gaishe ta tana kawar da kai, ni kuma tsoro ya cika ni kada in rasa albarkarta. A rana ta uku matata ta kawo saƙo: Inna ta ce in je wurin ƙanenta in yi kwana uku.

Kawu masunci ne a bakin dam ɗin Tiga, cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwa ya ci garinsu. Na je ina jiran faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kana samun barci?"

Na ce, "Sosai ma, Kawu."

"To ba barci ne ya kawo ka ba. Gobe ka bi ni ruwa."

Da sassafe ya karɓi wayata ya jefa a aljihun rigarsa da ke rataye, muka shiga kwale-kwale duba raga. Na fara ba shi labarin inji, ya ce, "Kai, rufe mana baki, kifi ba ya son surutu." Na yi shiru, amma abin mamaki kunnena bai yi ba. Ga mu a tsakiyar ruwa, ba inji ba dalilinsa, amma ina jin rurinsa a cikin kaina. A nan na fara gane cewa tun shigowar kaka injin nan bai taɓa mutuwa ba, ko ina barci yana aiki a cikina.

Da rana na nemi in kwanta, ya hana. Ya ba ni tsohuwar raga in ɗinke a gindin mangwaro. Da yamma muka zauna da abokansa, aka yi ta raha, ba wanda yake neman komai a wurina. A rana ta biyu na fara jin ɗigar ruwa daga filafilin tuƙa kwale-kwale. A ta uku na ji kukan wani tsuntsu can nesa, sai hawaye suka zubo mini, don na tuna muryar Inna ba ta fi wannan ƙarfi ba.

Kawu ya gani, ya ce, "Barci jiki yake hutarwa. Kunne fa? Harshe fa? Zuciyar da take tsaye a layin buhuna ko kana kwance fa? Ai ka san ana barin gona ta huta, kuma ba barci take yi ba."

Da na dawo gida na durƙusa a inda na durƙusa kwanan baya, na ce, "Inna, barka da yamma." Ni kaina sai da na yi mamakin laushin muryar. Can sai Inna ta ɗaga labule, ba ta dube ni ba, ta ce wa matata, "Zuba masa tuwo. Yau na ji muryar da na sani."

Tun daga lokacin, in azahar ta yi sai in kashe inji ko layi ya kai titi, Juma'a kuma ba na buɗewa. In na tashi aiki nakan zauna shiru a ƙofar gida na ɗan lokaci kafin in yi sallama. Abin da na koya shi ne, kowace gaɓa da irin hutunta, kuma wadda ka hana wa nata, a kan wanda ka fi ƙauna za ta sauke gajiyar.