Mai Alkaki Ɗaya Ce A Sabo

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni matar aure ce a unguwar Sabo ta Ibadan, mai surutu da son raha, ina sana'ar alkaki a cikin gida. Ba yabon kai ba, bikin da babu alkakina sai an yi tsegumi. Amma akwai abin da na binne a cikina, daga ni sai maigidana muka sani: mahaifiyata kuturwa ce, tana zaune a wani ƙauye wajen Akinyele. Mutanen unguwa sun ɗauka ta rasu a Arewa tun ina ƙarama. Duk wata nakan ce zan je sayo zuma, in hau motar danfo a Mokola, in je in yi mata wanki da kitso, in ba ta alkaki a baki tunda yatsun sun tafi.

Sai ga wata yarinya haifaffiyar Sabo, 'yar gidan mutunci, tana karatun digirin digirgir a jami'a, wai tana bincike kan mutanen da jama'a ke ƙyama. Anti take ce mini. Ta yi ta sintiri gidana har ta iya murza alkaki, Yarbanci da Turanci na suɓuce mata a tsakiyar Hausa, ni kuwa ina yi mata tsiya. Ta ce malaminta ya ce ta koyi sauraro kafin tambaya. Wallahi ta iya sauraro! Wata rana muna suya na zazzage mata komai ina kuka. Ta rantse za ta canza sunana a rubutunta, kuma ta cika alkawari.

Abin da daga ni har ita ba mu hango ba, a Sabo ba sai an faɗi suna ba. An koya musu a jami'a idan an gama bincike a koma a gaya wa mutane abin da aka gano, don haka ta tara mu a Islamiyyar matan aure. Nufinta mu gane cutar tana warkewa, kuma ba gadonta ake yi ba. Sai ta kawo misalin wata baiwar Allah mai alkaki da ke zuwa wajen uwarta a ɓoye da sunan sayen zuma. Inna lillahi! Ban ɗaga kai ba, amma na ji matar da ke gefena ta janye zanenta.

Ciniki ya tsaya cak. Wata da na yi wa alkakin aurenta ta aiko a gaya mini ta zubar da na sunan ɗanta. Maimakon in tsaya kan gaskiyata, sai na hau rantse-rantse cewa ba ni ba ce, uwata ta daɗe a kabari. Don su yarda na daina zuwa Akinyele, na koma sayen zuma a bakin titi inda kowa zai gani. Maigidana ya yi faɗa, ya ce uwa fa ake magana, na ce ya bari abin ya lafa tukuna. Ɗalibar ta zo idonta jawur, ta ce za ta raka ni mu je tare, na fatattake ta. Abin bai gama lafawa ba aka aiko cewa Inna ta cika. Maƙwabciyarta ta gaya mini duk sanda Inna ta ji ƙarar mota sai ta ce a tsefe mata kai, mai kitsonta ta iso.

Na yafe wa yarinyar nan tuntuni, koyo take yi. Amma ku masu bincike, canza suna bai isa ba. Kafin ku karanta labarin mutum gaban maƙwabtansa, ku fara karanta masa shi kaɗai. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada tsoron surutun unguwa ya sa ku binne iyayenku da baki tun suna raye, baƙin cikinsa ba ya tsufa. Masu sayen alkaki sun dawo daga baya, har yau ina yi. Kitso ne ban sake yi wa kowa ba.