Guntun Layin da Ya Ci Yaya

Yayata shara take yi a ɗakin haihuwa na wani asibiti, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wallahi ta fi wasu masu fararen kaya iya riƙe jariri, amma makarantar ungozoma ba hannu take dubawa ba, takarda take dubawa. Lissafi kaɗai ya tare mata hanya. Sau biyar tana faɗuwa jarrabawar shiga da maki kaɗan, bana kuma shekarunta suka kai iyakar da ake ɗauka. Ta shida ita ce ta ƙarshe.

Abin takaici, akwai tambaya ɗaya da take taƙama da ita, ta fomular kwadiratik, wadda ake nemo x da ita. Tana goge daɓe tana rera ta kamar waƙa.

"Wannan ai tawa ce, ko daga barci aka tashe ni," in ji ta.

Ranar da ta dawo daga jarrabawar, baki har kunne, ta sake yin tambayar a bayan kwalin magani don ta burge ni. Ni ba gwana ba ce, sai na ɗauko littafin 'yata na gwada. Nan na ga kuskuren.

"Yaya, layin rabawar nan naki ya gajarta. Har ƙarƙashin −b yake zuwa. Duka ake rabawa da 2a, ke kuwa rabi kike rabawa."

"Ke, rufa min baki! Haka yake a allo."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tun suna sakandare, malaminsu na lissafi ya rubuta fomular ranar da aka sauya masa wurin aiki, ba a kuma kawo wani ba. Shekara biyu tana kan allo, ba wanda ya yarda a goge. Sai dai allon na siminti ne, ya ɓantale ta hagu, ramin ya cinye rabin layin. Haka suka kwafa, haka suka haddace, su arba'in.

Yaya ta daɗe tana kallon littafin. Ta ɗora yatsa ta auna abin da ya ɓace, bai kai faɗin farce ba.

"Iyakarsa ke nan?"

"Ke nan, Yaya."

Na so ta zage ni ko na ji sanyi, ba ta yi ba. Ni ce na fashe da kuka.

Da sakamako ya fito ba ta je dubawa ba, ni na je. Ta sake faɗuwa, da kaɗan, kamar kullum. Har yau in na leƙa asibitin ina tarar da ita tana goge daɓe, ba waƙa. Ɗaliban ungozoma kuwa, in haihuwa ta rikice musu, ita suke ƙwala wa kira.